Kafin Ludayi Ya Sauka: Abincin Kasuwa da Rage Ƙiba a Hanyar Jugu

Duk wanda ya taɓa kwana a Jugu, cikin arewacin Jamhuriyar Benin, ya yi asubanci ya kama hanyar da ta nufi Pehunko da Keru da Banikoara, ba zai daɗe yana tafiya ba sai ya riski Kolokonde, garin da in ba don kasuwar shanunsa ba, da wataƙila matafiyi ya wuce shi bai ko tambayi sunansa ba. Amma ranar da kasuwar ke ci, tun hantsi bai dubi ludayi ba, za ka tarar da Fulani sun koro dabbobi daga rugage, dillalai na kai da komo da sanduna a kafaɗa, mahauta da direbobin manyan motoci da 'yan kamasho kowa na harkar gabansa, ana cakuɗa Dandanci da Fulatanci da Hausa da Faransanci cikin ciniki guda. Dukan waɗannan talikai kuwa, in ka ɗebe mutanen gari, babu wanda zai ci tuwon gidansa a wannan yini, sai dai abin da ya fito daga tukunyar wata mace wadda ba matarsa ba ce, ba kuwa uwarsa ba.

A nan ne na zauna wata rana da mai masaukina, wani Alhaji dillalin shanu, mutum mai fara'a da yalwar jiki, wanda in ya dubi bijimi sau ɗaya, ya shafa gadon bayansa, zai faɗa maka naman da za a samu a jikinsa ba tare da ya yi kuskure mai yawa ba, amma nasa nauyin bai taɓa sani ba sai ranar da jiri ya kwashe shi a Paraku, aka kai shi wajen likita. Likita ya auna shi, ya ce jininsa ya hau, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa, lalle ne ya rage jiki. Da yake ba ni labari sai ya ce, "Malam, maganar likita gaskiya ce, ban musa ba. Amma ya ce in sa uwargida ta rage mai a miya. To, ni da kwana biyar cikin bakwai ina tsakanin Paraku da Jugu da nan, uwargidan wa zan sa?" Wannan tambaya tasa, ko da yake cikin raha ya yi ta, mas'ala ce ta haƙiƙa, domin galibin nasihohin da ake yi wa masu ƙiba an gina su ne bisa zaton cewa mutum shi ne mai iko da tukunyarsa, alhali ɗan kasuwa da direba da ma'aikacin da aka tura nesa da iyali ba su da iko da kome face bakinsu da aljihunsu.

Cin abinci a waje ba baƙon abu ba ne a wannan hanya. Tun zamanin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Sakkwato da kanwa da tufafi da jemammun fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Nikki ko Paraku, su sauka unguwar Wangara ta Jugu kafin su miƙa zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro, matan zango ke dafa abinci suna sayar wa baƙi. Sai dai bafataken wancan zamani, bayan ya cika cikinsa, ƙafarsa ce za ta kai shi zango na gaba, watanni yana tafe bayan jakuna, don haka abin da ya ci da dare rana ta gobe ta cinye shi. Jikansa na yau ya gaji cin, bai gaji tafiyar ba. Tsakanin Paraku da Jugu, tafiyar da ta haura kilomita 130, a zaune yake yin ta; in ya sauka a tasha ɗan kabu-kabu na jiransa, ko daga kasuwar Arzeke ta Paraku zuwa unguwar Zongo ba ya takawa. Ga shi kuma man girki da sukari da farar shinkafa da taliya, waɗanda a da ko babu su ko kuwa sai gidan masu hali, yanzu su ne mafi sauƙin samu a bakin titi. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba wadda ta kai haddin cuta.

Asalin al'amarin mizani ne. Masana suna auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da wani ma'auni da suke kira kalori, baligi kuwa yana bukatar wajen 2000 zuwa 2500 a yini, gwargwadon girmansa da wahalar aikinsa. Abin da ya shiga ya wuce bukata, jiki ba ya zubar da shi, sai ya mai da shi kitse ya ajiye, kamar yadda manomi ke zuba rarar hatsi a rumbu. Abin lura a nan shi ne, giram ɗaya na tuwo ko sukari ko tsokar nama, in an ɗebe ruwan da ke ciki, kalori 4 ne, amma giram ɗaya na mai kalori 9 ne, ko man gyaɗa ne, ko manja, ko man kaɗanya, ko kitsen rago. Babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kimanin kalori 120, kwalbar lemo guda kuma wajen 140. Saboda haka cokali biyu na man da mai abinci ke yaryaɗawa a kan wake da shinkafa, haɗe da lemon da aka kora da shi, sun fi abin da tafiyar ƙafa ta sa'a guda ke ƙonewa a jikin yawancin mutane, ga shi kuwa ba su cika ciki, ba su kore yunwa. Wanda ya fahimci wannan lissafi ɗaya ya riga ya san inda ɓarawon yake shigowa.

Ba na ɗora wa mai abinci laifi, kada a fahimce ni a karkace. Ita sana'arta ce ta sa ka dawo gobe, ta kuma san abin da ke dawo da mutum: miya mai ƙyalli, dunƙulen ɗanɗano da gishiri, malmala mai cika ido, da gyaran da take ƙarawa in ta ga fuskar da ta sani. A al'adarmu miyar da mai bai taso a kanta ba miyar rowa ce, kuma mai sayarwar da ta ba ka faranti ba tozo, gobe sai ka koma rumfar maƙwabciyarta. Illa iyaka ɗan Adam da ido yake ci kafin ya ci da baki. Wata malama a jami'ar Jihar Pensilbaniya ta Amurka, Barbara Rolls, ta gwada wannan ita da abokan aikinta, suka buga sakamakon a 2002: suka riƙa zuba wa mutane abinci iri ɗaya, wani lokaci kaɗan, wani lokaci da yawa, sai aka ga in an cika musu faranti sukan ci abin da ya kai kashi 30 cikin ɗari fiye da wanda suke ci in an zuba kaɗan, ba tare da sun ji ƙoshin ya fi na da ba. Mu kuwa namu ya fi nasu tsanani, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa barin abinci a kwano almubazzaranci ne, balle wanda ka biya kuɗinsa da guminka.

To, tun da abin da ya sauka a faranti sai an cinye shi, ashe ke nan yaƙin ba a kan faranti ake yinsa ba, a bakin tukunya ake yi, cikin 'yan daƙiƙun nan da ke tsakanin sallamarka da saukar ludayi. Abin da na ga Alhaji ya koya ke nan, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami. Muka shiga wata rumfa ta bayan kara, inda 'yan mata biyu ke kirɓa doya a turmi guda, taɓarya na sauka bi da bi, uwar ɗakinsu na zaune tsakiyar tukwane da ludayi a hannu. Ta ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Na kullum?" Ya ce, "A'a, Hajiya, na likita." Ta yi dariya, ta ɗebo sakwara malmala ɗaya maimakon ukun da ya saba, ta kawar da man da ya kwanta a saman miya da bayan ludayi, ta nutsa ta kwaso daga ƙasa inda ganye da kuɓewa suke, ta ɗora masa tsoka biyu ba kitse. Da ta miƙa hannu za ta ƙara gyara, sai ya ce, "In gyara za ki yi mini, yi da miya." Kuɗin da ya biya bai ragu da yawa ba, don abin da ya rage na doya ya mai da shi na nama da ganye, ita ba ta yi hasara ba, shi kuma bai tashi da yunwa ba.

A ganina wannan ita ce hikimar da ta fi kowace amfani ga mai cin abincin waje, wato ya zama yana da rumfa ɗaya ko biyu a kowane garin da yake sauka, ya yi sabo da mai ita, ya gaya mata larurarsa sau ɗaya ba tare da jin nauyi ba. Daga ran nan ta zama tamkar uwargidan da Alhaji ke cewa ba shi da ita a hanya, ita za ta riƙa tuna masa ma'auninsa ko a ranar da shi ya so ya manta. Wanda yake yawon rumfuna, yau nan gobe can, kullum sai ya sabunta jihadi da nafsinsa, nafsi kuwa in ana kokawa da ita sau uku a yini, wata rana sai ta kayar da mutum.

Game da abin da za a zaɓa, arewacin Benin ƙasa ce mai albarka, ba sai an nemi abincin Turawa ba. Sakwara ba haramiyar mai ƙiba ba ce, yawanta ne abin tsoro, kuma dunƙulen hannun mutum ma'auni ne da ba ya barinsa a gida. Miyar kuɓewa da ta kuka da ta ganye sun fi ta gyaɗa sauƙi, ko da yake duk wanda ya ɗanɗana miyar gyaɗar Paraku da sakwara mai zafi ya san rabuwa da ita gaba ɗaya ba abu ne mai yiwuwa ba, sai dai a mai da ita ta ranar Juma'a. Ga wagashi, cukun nan na Fulani da ake daskarar da madara da ruwan tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi. Wanda aka dafa cikin miya ya fi wanda aka tsoma cikin tafasasshen mai. Ga tubani, wanda turara shi ake yi, da shi da ƙosai duk 'ya'yan wake ne, amma ɗaya ya yi wanka da tururi, ɗaya ya yi da mai. Wake da shinkafa, wanda mutanen kudu ke kira atasi, abinci ne nagari in wake ya rinjayi shinkafa, aka kuma ce wa mai zubawa ta tsaya a cokali ɗaya na mai, ba a haɗa masa taliya da soyayyar doya a faranti guda ba. Gasasshen naman da ake kira cacanga a can, ɗan'uwan tsire da balangu, shi ma babu laifi, muddin an ce wa mai tukuba ya yanko tsoka, ya bar kitsen, ya yawaita albasa da tumatir.

Amma abin da ya fi yi wa mutane ɓarna a ɓoye, sha ne, domin abin da aka kurɓa ba a lissafa shi cikin ci. Kwalbar lemo mai santilita 33 tana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato ƙwaya bakwai na sukarin kwali, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce ushurin kalorin da mutum ke ci a yini, abin da ya kama wajen giram 50 ga baligi, in ya sauka zuwa rabin haka ma ya fi. Sa'an nan ga teburin mai shayi, inda ake tsiyaya madarar gwangwani mai kauri, wadda fiye da rabinta sukari ne, har sai cokali ya kusa tsayawa, a haɗa da burodi da aka shafe da mayonis da wainar ƙwai mai ninƙaya cikin mai. Ga zoɓo da furar da aka dama da sukari, ga shayin ƙaramin kofi da ake zagayawa da shi a majalisa sau uku. Alhaji ya ce da ni shi bai bar ko ɗaya daga cikinsu ba in ban da lemo, sai dai fura yanzu da kindirmo tsagwaronsa yake sha, shayi kuma ya sauko daga ƙwaya huɗu zuwa ɗaya, a hankali cikin wata biyu, har harshensa ya manta da na da.

Akwai wata wahala kuma wadda littattafan likitoci ba su cika ambatonta ba, ita ce kunya. A kasuwar shanu in ciniki ya faɗa, aka ce albarka ta zama sallama, aka biya la'ada, sai a aika yaro ya kawo nama da lemo, wanda ya ƙi ci kuwa ana iya ɗaukarsa mai girman kai ko mai riƙo a zuci. Haka in ka sauka wajen mai gida a Zongo, karamcinsa shi ne ya cika maka akushi, ya tsaya a kanka yana cewa, "Haba, ci mana, ko ba ta yi daɗi ba ne?" Ƙari a kan haka, har yanzu a wurinmu tumbi shaidar wadata ce, wanda ya fara ramewa kuma sai a bi shi da tambaya, "Lafiya kuwa? Ko karaya ce ta samu?" Dillali kuwa da amincin mutane yake ci, ba ya son a yi zaton jarinsa ya karye. Maganin wannan, gwargwadon abin da na gani, ba ƙin ci ba ne; a sa hannu, a yi bisimilla, a ɗauki yanka biyu ko uku, a yaba, a yi godiya, a tura sauran gaban yara, in an matsa a ce likita ne ya hana, domin kalmar likita tana rufe bakin da kalmar "na ƙoshi" ba ta rufewa.

Ga Musulmi ma ai hujja tana hannunsa tun kafin likita ya yi magana. Aya ta 31 cikin Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana isirafi, hadisin nan kuma da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib ya kasa ciki kashi uku, sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Imamu Gazali ya keɓe babi guda cikin Ihya'u a kan ladubban cin abinci, wani kuma a kan karya sha'awar ciki, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi talifi a kan maslahohin ɗan Adam na addini da na jiki. Abin mamaki, sau da yawa malamin da ya karantar da wannan hadisi da safe, shi ne za a tarar a walima da yamma an jere masa kwanuka biyar, almajirai na ganin rage masa ko ɗaya rashin ladabi ne.

Saura batun gaggawa, wadda ita ce ke kashe yawancin masu niyya. Mutum ya ji tsoro daga wajen likita, sai ya yanke tuwo da shinkafa da nama rana ɗaya, ya wuni da ruwan zafi da lemon tsami, ko ya sayi ganyen shayin nan da ake tallarsa a tasha da sunan mai narkar da teɓa, wanda galibinsa gudawa kawai yake sawa, ruwa ya fita, kitse na nan zaune. Bayan mako uku yunwa ta ci ƙarfinsa, ya koma ya rama abin da ya wuce har da riba. Mun ga misalinsa a azumi: mutane da yawa sukan sauke kilo ɗaya ko biyu cikin Ramadan, kafin Babbar Salla ya dawo. A Amurka an taɓa yin wata gasa ta talabijin inda masu ƙiba ke tseren ramewa cikin 'yan watanni. Da masu bincike suka bi sawun mutum 14 daga cikinsu bayan shekara shida, suka buga abin da suka gani a 2016, sai aka tarar yawancinsu sun mai da mafi yawan abin da suka zubar, jikinsu kuma ya koyi tsimi, yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata. Abin da likitoci ke so shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ko ma ƙasa da haka. Ba kuwa sai mutum ya koma kamar sanda ba: wani babban bincike da aka yi a kan mutum fiye da 3000 waɗanda ciwon suga ke bakin ƙofarsu, aka bayyana shi a 2002, ya nuna waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da yin tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 100, kilo bakwai ke nan kacal. Sai dai wanda ya riga ya fara shan maganin suga ko allurarsa, da mace mai juna biyu, kada su taɓa abincinsu sai da sanin likita. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba da nufinsa ba, wannan asibiti ya kamata ya nufa.

Wanda ba shi da sikeli, igiya ta ishe shi. Ya auna tsawonsa da ita daga ƙasa zuwa tsakar kā, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai wajen cibiya; in bakinta biyu sun haɗu, madalla, in sun ƙi haɗuwa, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gabansa, domin kitsen ciki shi ne ya fi kusa da hawan jini da suga. Alhaji da igiyar ɗaure maraƙi ya yi nasa awon, ya ƙulla mata alama, tana cikin aljihun motar da yake bi.

Da na sake ratsawa ta Kolokonde bayan damina ta wuce, na same shi ya sauka daga mota tun bakin gari yana takowa a ƙasa, hula a ƙeya, yana haki kaɗan-kaɗan, ɗan kabu-kabu na binsa a baya yana roƙonsa ya hau. Ya ce har yanzu igiyar ba ta haɗu ba, saura kamar faɗin tafin hannu, makon Salla ma ta ƙara buɗewa, amma jirin ya bar shi, yana kuma iya durƙusawa ya duba kofaton bijimi ba tare da an kama shi ya tashi ba. Muka nufi rumfar nan ta bayan kara. Hajiya na hango farar rigarsa, ba ta ko tambaya ba, ta juya bayan ludayi ta fara kawar da mai. Ni ne ta duba, ta dubi gaban rigata, ta ce, "Malam, kai fa? Na kullum, ko na likita?"